Malamai, a daina dasa itace a tafi a bar shi

Duk makarantar da na shiga a zagayen aikina na malamin gona, abin da nake tararwa a bakin katanga kusan iri ɗaya ne: ramuka a jere, kowanne da busasshen tsinke a tsakiya, wani ma ba tsinken, sai baƙar leda ta leƙo daga ƙasa. In na tambaya sai a ce, "Ai bara muka samu tallafi muka dasa, Allah bai yi za su rayu ba." Haba Malam! Ƙishirwa ce ta kashe su, awaki suka ƙarasa sauran, kuma duka biyun muna da maganinsu.

Na san niyyarku mai kyau ce. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, amma ya zauna ya rubuta takardar neman tallafi don yara su koyi kula da muhalli, ya cancanci a yi masa sannu. Kuɗin ma ana samu, ko daga tsofaffin ɗalibai, ko daga ƙungiyoyi masu zaman kansu, wasunsu kuwa suna karɓa ne daga shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya (GEF) da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP) ke gudanarwa tun 1992. Abin da ke isowa makaranta ba shi da yawa, shi ya sa yadda ake kashe shi yake ƙona mini rai.

Rumfa, kujeru, riguna masu tambari, lemon manyan baƙi, mai ɗaukar hoto. Kafin a sa dashe ɗaya a rami, rabin kuɗin ya tafi. Sauran a sayo ɗaruruwan dashe don rahoto ya yi kyau. Na shinge fa? Na ruwa fa? Babu ko sisi. An dasa, an tafa, an watse.

Ga kuma gaggawar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya. A Katsina, Sakkwato, Yobe da arewacin Jigawa, damina ba ta zauna ba a farkon Yuni. Ku yi taronku ranar, yara su yi waƙa da muhawara, amma dashe ya jira Yuli, lokacin da ƙasa ta sha ruwa. Ku kuma tuna daga Oktoba ruwa ya ɗauke ke nan. An kawar da amfanin gona, an saki dabbobi, hunturu ya shigo, bazara ta biyo baya. Wata bakwai ko takwas itacen ba shi da kowa sai ku. Wanda bai shirya wa rani ba, don Allah kada ya dasa.

Abin da ya fi asarar kuɗin ciwo shi ne darasin da yaron ya ɗauka. Ya haƙa rami da hannunsa, ya ga itacensa ya bushe, ba wanda ya ce uffan. Me ya koya? Ya koyi cewa dashen itace biki ne na yini ɗaya. Wannan yaron ne muke so gobe ya tare hamada a jihohin arewa 11 da shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa?

Ku dubi maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma suka daina sare tohon kututture lokacin sassabe, suna barin 'yan rassa masu ƙarfi suna yi musu aski, har filin da ya farfaɗo ya kai kimanin hekta miliyan 5. Kulawa ce ta yi wannan aikin. A filin makarantarku ma akwai tohon kalgo, sabara ko gawo da ake sharewa duk shekara. Ku kewaye shi, saiwarsa ta riga ta yi nisa, ba ya neman ban ruwa.

In tallafi ya zo:

- Fara ware kuɗin shinge da ruwa, sannan a sayi dashe.
- Ashirin da za ku iya riƙewa sun fi ɗari biyu.
- Darbejiya don inuwa, zogale don abinci. Mangwaro sai inda akwai rijiya ko famfo.
- A yage ledar kafin a sa a rami. A yage ta!
- Kowane dashe da kariyarsa ranar da aka dasa shi, ko ƙaya, ko kwandon kara, ko tubali.
- Ruɓaɓɓen taki kawai, ɗanye yana ƙona saiwa.
- Kowane aji da itatuwansa, kowane itace da yara biyu. Ruwan alwala ma a tara musu.
- Kafin a tafi hutu a san mai ban ruwa, a gaya wa mai gadi da mai unguwa.

Hedimasta, ranka ya daɗe, kada ka sa hannu a kasafin da ba ruwan rani a cikinsa. Ku kuma masu ba da tallafi, ku daina karɓar hoton ranar dashe a matsayin shaida, ku dawo a watan Afrilu ku ƙirga masu rai. Malamin da ke shirin rubuta takarda bana, ya nemi malamin gona ko ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukumarsa tun kafin ya rubuta, a zagaya filin tare a ga inda ruwa yake da inda awaki ke shigowa.