Maganar rusau saboda ambaliya: abin da doka ta ce da abin da ake ta yaɗawa

Duk shekara da damina ta kankama sai saƙonnin murya su fara yawo a WhatsApp, wai NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, za ta zo ta rushe duk gidan da ke kusa da magudanar ruwa a Kano, wai ko sisi ba za a biya kowa ba, wasu ma har da ƙarin gishiri wai madatsar ruwa ta Tiga ta kusa ɓallewa za ta shanye cikin gari. Jama'a don Allah mu tsaya mu rarrabe abin nan.

NEMA ba ta rusau. Aikinta agajin gaggawa ne, ita da takwararta ta jiha SEMA. NiMet ke hasashen damina, NIHSA kuma ta fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu duk shekara, to idan ka ji sunan ƙaramar hukumarku a ciki gargaɗi ne kawai, ba wai an yanke wa unguwarku hukunci ba ne. Shara ta REMASAB ce. Izinin gini da hana gini kan hanyar ruwa a cikin birni kuwa na KNUPDA ne, hukumar jiha. Za ka gan su tare a zagaye ko a kwamiti ɗaya, amma haɗuwar ba ta ba wa wata ikon 'yar'uwarta ba.

Tiga kuma, hukumar raya kogunan Hadejia-Jama'are ke kula da ita da madatsar Challawa, ruwansu Wudil yake bi ya gangara Jigawa, mutanen can ne ke shan wahala in an saki ruwa. Namu na cikin gari daban ne, ruwan sama ne da ya rasa hanya, kududdufan da a da suke shanye shi an cike su an yi filotai, kwata ta toshe da leda. Ai mun ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022, ba dam ne ya fashe ba.

To yanzu inda rikicin yake, wato diyya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kai abin da kake da shi haƙƙin zama ne. Sashe na 28 ya ba shi dama ya soke wannan haƙƙin don amfanin jama'a, kuma aikin tsaftar gari yana ciki. Saboda haka mai bugun ƙirji yana cewa “ni ina da satifiket babu mai taɓa ni” bai fahimta ba, takarda ba ta hana a karɓa. Abin da take yi maka shi ne ta sa dole a ba ka sanarwa a rubuce kuma a biya ka. Jan fenti a jikin katanga shi kaɗai ba shi ne soke haƙƙi ba.

Sai dai biyan ma ba yadda mutane ke zato ba ne. Sashe na 29 ginin da ka yi ake lissafawa, nawa zai ci a sake irinsa, a cire tsufan da ya yi, in an yi jinkirin biya a ɗora kuɗin ruwa a kai. Filin kansa fa? Kuɗin ƙasar da ka biya a shekarar da aka soke kawai za a mayar maka. Kenan mai tsohon gidan ƙasa a unguwar da fili ya kai miliyoyi zai iya tashi da kuɗin da ko kango ba zai saya masa a bayan gari ba, wallahi nan wajen ni dai ban ga adalci ba, amma haka aka rubuta. Sashe na 33 ya ba gwamnati zaɓin ta ba ka wani matsugunin maimakon kuɗi, ka lura yin tayin zaɓinta ne ba naka ba, amma karɓarsa zaɓinka ne.

Masu gidan gado a cikin Badala da ba su da takarda kada hankalinku ya tashi, sashe na 34 ya ce gidan da yake a gine kafin dokar ta fara aiki ana ɗaukarsa tamkar gwamna ne ya ba da shi. Wanda yake cikin matsala shi ne wanda ya ɗora shago kan kwalbati ko ya ci bakin rafin Jakara ba izini, shi wannan ba soke haƙƙi ake masa ba, cire gini ake, kuma kada ya sa rai da diyya. Abin haushin shi ne da yawansu saya suka yi a hannun dillali da 'yar takardar ciniki, wanda ya yanka filin ya ci kuɗinsa ya yi gaba, shi kuma katafila ba ta neman wanda ya sayar.

In takarda ta zo maka duba wace hukuma ce ta aiko, soke haƙƙi ne ko zargin gini ba izini, ka haɗa rasit da duk takardun gidan ka ɗau hotonsa ciki da waje kafin a taɓa shi, sannan ka ga lauya da wuri. In kuɗin diyyar ne bai yi maka ba, sashe na 30 ya ce kwamitin rabon filaye na jiha ake kai wa ƙorafi.