Har Yanzu Ana Samun Sabbin Taurari

Mutane da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa taurari duka sun samu ne tun farkon duniya, kuma galaksi (wato manyan rukunonin taurari) marasa tsayayyen siffa tarkace ne da suka tsufa. Wannan fahimta kuskure ce, domin irin waɗannan galaksi suna cike da iskar haidurojin da ƙura, waɗanda ke dunƙulewa saboda ƙarfin jan nauyi har su zama sabbin taurari.

Babban Gajimaren Magellan, wani galaksi irin waɗannan, wanda ke nisan shekarun haske kusan 160,000 daga gare mu (wato tafiyar da haske zai yi cikin waɗannan shekaru), shi ne hujja mafi ƙarfi a ganina. A cikinsa akwai yankin Tarantula, inda tarin taurarin R136 bai wuce shekara miliyan 2 da samuwa ba, alhali ranarmu ta kai shekara biliyan 4.6. Wasu daga cikin taurarin R136 sun ninka rana nauyi fiye da sau 100, kuma da yake irinsu kan ƙone makamashinsu cikin ’yan miliyoyin shekaru, ganinsu yana tabbatar da cewa ba su daɗe da samuwa ba. A gefen yankin ne aka ga fashewar wani babban tauraro a 1987.