Waiwaye: tun yaushe masu karatu suka fara shiga cikin labarin?

Satin da ya wuce saura kaɗan guruf ɗinmu na karatu ya watse a kan littafi ɗaya. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi mai shi ba tunda har yanzu bata gama taifin ba, amma ga yadda yake a taƙaice: yarinya 'yar jami'a ce aka tare motarsu a hanya aka shiga daji da su, shi kuma ogan waɗanda suka ɗauke su matashi ne kyakkyawa miskili wanda baya son hayaniya, ashe wai ɗan manyan mutane ne da ƙanin ubansa ya cinye musu gado, toh ana isowa wajen fej na 40 sai ga yarinya ta fara jin wani abu game da shi. A nan guruf ya rabe biyu. Wasu sai zuba addu'a suke "wayyo Allah ya bar mana su tare, dan Allah Anti kar ki kashe mana shi", wasu kuma suka ce wallahi in aka ɗaura auren nan sun gama da littafin har abada. Ana cikin haka wata baiwar Allah 'yar Rigasa da bata cika magana ba ta turo murya tana kuka, ta ce ƙanin mijinta ya yi sati bakwai a hannun irin waɗannan mutanen, sai da suka sayar da fili da mota kafin ya dawo, kuma har yau baya iya barci in an kashe fitila. Tana gama faɗa ta fita daga guruf ɗin.

Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari in ɗan koma baya, don wannan ƙarfin bakin da mai karatu ke da shi yanzu ba haka aka taso aka tarar ba.

Soyayya mai haɗe da tashin hankali da jan rai ba baƙuwa bace a rubutun Hausa, kuma ma nan kusa da mu ta faro, a Zariya. A 1933 ne Hukumar Fassara ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar ƙagaggun labarai wadda ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma a wannan zangon ne aka samu Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, wanda in ka duba da kyau ai labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, shi kuma ya shiga duniya neman hanyar ramuwa har abin ya ƙare da jini. Kenan kayan haɗin duk suna nan tun lokacin, so da kuɗi da gaba da ɗaukar fansa. Abin da babu shi ne muryar mai karatu. Hukuma ce ke zaɓen abin da za a buga, makaranta ta raba, ɗalibi ya karanta don jarrabawa, in ma ransa ya ɓaci da ƙarshen labari sai dai ya faɗa wa na kusa da shi a benci. Haka aka yi ta tafiya har zamanin kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC na Zariya da aka kafa a 1966, wanda daga gasarsa aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980.

Daga tsakiyar shekarun 1980 ne abin ya sauya. Yaran da aka zuba a firamare da shirin ilimin firamare kyauta na UPE na 1976 sun girma sun iya karatun boko da Hausa, tattalin arziki ya karye manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya, sai matasa suka fara kai rubutunsu wajen ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, akasari a Kano. Nan aka samu su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, ga Bilkisu Ahmed Funtuwa da kowa ke ce wa Anti Bilki. Masu Turanci a cikinmu a lokacin suna can suna fama da su Mills & Boon da James Hadley Chase, ga finafinan Indiya a kowane gida mai bidiyo, toh duk wannan ya zubo cikin tukunya ɗaya.

Ni a nan na shigo. A Tudun Wadar Kaduna na tashi, kuma ban manta mai shagon hayar littafi na bakin layinmu ba, ɗan teburi ne da littattafai jere an ɗaure su da roba, ka ba da naira biyar ko goma ka tafi da shi kwana ɗaya, in ka ƙara kwana ka ƙara kuɗi. Yayata ke aikena, "ke maza je ki ce ya baki na biyu, in an ɗauka ki tambayo wa ya ɗauka", don littafin ai ba a gama shi a guda ɗaya, sai an kai daidai inda aka ɗora wa jaruma wuƙa a wuya ko aka ce ga gawa a ɗakin amarya sai ka ga an rubuta mu haɗu a littafi na biyu, kuma na biyun nan yana iya wata uku bai iso Kasuwar Barci ba. A wannan jiran ne ake sharhi. A gidan kitso, a islamiyya kafin malam ya shigo, a wajen biki, mata su zauna su yi ta yanke wa mutanen cikin littafi hukunci kamar 'yan unguwarsu ne. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma, ya dawo bangonsa ya yage, gefen shafi duk rubutun biro, wata ta sa "Allah ya isa" a inda kishiya ta yi makirci wata ta zo a ƙasa ta sa "amin". Na sha ganin wannan da idona, kuma a wajena shi ne asalin abin da muke yi yau a waya. Waɗanda basu iya karatu ba kuma rediyo ta ɗauke musu, Innarmu bata taɓa riƙe littafi ba amma in ana karanta labari ba mai tari a tsakar gida.

Sannan ga wasiƙa. Marubuta kan sa adireshinsu a littafi, masu karatu su rubuto ta gidan waya, wasu yabo wasu gyara wasu ma matsalar aurensu za su zayyano suna neman shawara, wani lokaci a buga wasu daga cikin wasiƙun a littafi na gaba. Amma ki lura, wasiƙar nan tana isa ne bayan an riga an buga, alƙalami ya bushe. Mai karatu na da baki, bata da hannu.

A shekarun 1990 kuma malamai suka shigo. Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba musu suna adabin kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onitsha, yana ganin basu da nauyin da za su daɗe, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu ya ce madubin rayuwar matasa ne kuma sun sa dubban mata karatu. Babban fagen wannan muhawara a nan Kaduna yake, a shafin adabi na jaridar New Nigerian da Ibrahim Sheme ke kula da shi, shi ne kuma ya zo ya kafa mujallar Fim a 1999. Na girmama duka ɓangarorin, amma abin da ke damuna in na tuna shi ne ana ta magana a kan yarinyar da ke karatun, za ta lalace ko za ta waye, ita kuma tana can ƙuryar ɗaki da littafinta a cikin littafin lissafi ba wanda ya ce mata ke me kika gani. Iyaye ma haka, hukuncinsu ɗaya ne, littafin soyayya ɓata tarbiyya ne. Abin ya kai ƙarshe a Kano a 2007 lokacin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau da hukumar gyaran tarbiyya ta A Daidaita Sahu ta tara littattafai aka cinna musu wuta a bainar jama'a, daga baya hukumar tace finafinai ta nemi marubuta ma su zo su yi rajista. Mu nan Kaduna ba a ƙona komai ba amma hayaƙin ya iso, na san gidajen da aka kwashe na 'yan mata aka zuba a murhu.

Abin da wuta bata yi ba waya ta yi. GSM ta shigo a 2001, kafin a ankara an koma 2go da Facebook, sai WhatsApp da Wattpad, takarda ta yi tsada shagunan haya suka rufe ɗaya bayan ɗaya, marubuciya ta daina jiran maɗaba'a ta koma taifin da babban yatsa tana sakin fej ɗaya kullum da daddare. A nan ne komai ya juye, domin yanzu labarin ana dafa shi ne a gaban masu ci. Ta saki fej ƙarfe tara, kafin goma sharhi ɗari ya sauka, ta kwana tana karantawa, gobe abin da za ta rubuta ya riga ya sha hayaƙin abin da aka faɗa mata. In sharhi ya yi ƙasa ta yi fushi ta ce ba sabon fej sai an yi, in ya yi yawa kuma ya zama umarni. Da aka zo zamanin littafin kuɗi, a biya ta banki ko katin waya a sa ki a guruf na musamman, sai mai karatu ta fara jin ai da kuɗinta a ciki, tana da haƙƙin cewa wane zai mutu wane zai auri wance. Na san marubuciyar da ta faɗa min da bakinta cewa ta tsara mugun zai ƙare a gidan yari, amma da ta ga yadda ake haukan sonsa sai ta nemo masa uzuri ta wanke shi ta aura masa jarumar, ta ce "Yaya in na kashe shi rabin guruf za su tafi, kuma da kuɗin nan nake biyan na makarantar yara". Ban ga laifinta ba a ranar, har yanzu ma tausayinta nake ji, amma littafin da ta fara da wanda ta gama ba ɗaya bane.

Toh sai ga ɗaya ɓangaren, wanda shi ne ya fashe a guruf ɗinmu. A littattafan da, in an sace jaruma yawanci boka ne ko 'yan daban da kishiya ta yi haya, abu ne na can cikin labari, kana karantawa gabanka na faɗuwa amma ka san in ka rufe shafi ya ƙare. Mu mutanen Kaduna wannan ya daina zama labari a wajenmu. An kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021, an tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 mutane na jiran 'yan uwansu a tashar Rigasa, na ƙarshen waɗanda aka kama basu fito ba sai Oktoba, ga yaran Kuriga a Maris 2024, banda na hanya da na ƙauyuka da ba a ma jin sunansu. A guruf mai mutum ɗari biyu a garin nan da wuya a rasa wadda aka taɓa tara wa kuɗin fansa a danginsu. Don haka kalma ɗaya, daji, wata za ta karanta ta ji daɗin jan rai wata ta karanta jikinta ya ɗauki rawa, kuma dukkansu kuɗi ɗaya suka biya.

Masu kare littafin sun ce ƙirƙira ce, ba wa'azi aka zo ba, kuma in aka bi ta ran kowa ba a rubuta komai. Akwai gaskiya a nan, ni ma bana son ranar da za a dawo da ashana, na ga abin da ta yi a 2007 kuma ba abin da ta gyara. Ba na ce kar a rubuta garkuwa da mutane bane, a rubuta mana, wa ya fi mu sanin ta? Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ɗauki mutumin da ya ɗora wa yarinya bindiga a shafa masa turare da dogon hanci a ce mana masoyi ne, a tsallake yunwa da duka da ƙafar da ta kumbura da uwar da ke bin gida gida tana roƙon taimako, don kawai sharhi ya fi yawa a fejin da ya yi murmushi. Kuma nauyin nan ba a kan marubuciya kaɗai yake ba, tunda mu muka karɓi rabin alƙalamin, mu muke rubuta "Anti a ƙara mana su" ƙarfe ɗayan dare.

Marubuciyar ta dakatar da sakin fej kwana huɗu kenan, ta ce tana nazari, wasu na zaginta wasu na bata haƙuri. Ni kuma jiya bayan la'asar na hau Keke na je Rigasa wajen baiwar Allahn nan, na same ta tana tankaɗe. Na ce Maman yara ki yi haƙuri ki dawo, ta ce "Anti ba fushi na yi da kowa ba, na fi shekara ashirin ina karatun nan, shi ne abokin hirata in Baban su ya yi tafiya." Ta ce in an gama in faɗa mata yadda aka ƙare da shi, abin da take son sani kawai ko yarinyar ta koma gida wajen uwarta.