Abin da dokar Ingila ta ce kan sakin tsuntsun fezan a daji

Fezan tsuntsu ne dangin fakara mai dogon jela, asalinsa Asiya. A Birtaniya ana ƙyanƙyashe miliyoyinsa kowace shekara, a kai 'yan tsaki cikin kurmi wajen watan Yuli ko Agusta, a zuba su a keji mai shinge marar rufi har su saba da wurin. Ana yin haka domin harbi, wanda dokar Ingila ta yarje daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu, ban da Lahadi da ranar Kirsimeti.

Shekara da shekaru mai fili yakan saki iya son ransa. A 2021, bayan ƙungiyar kare namun daji ta Wild Justice ta kai ƙara kotu, gwamnati ta saka fezan da makwarwa mai jan ƙafa a jadawali na 9 na dokar namun daji ta 1981, wato jerin halittun da aka hana saki a daji ba lasisi. Tun daga nan, laifi ne a sake su ba lasisi a cikin manyan wuraren da aka killace don kare halittu, ko a tazarar mita 500 daga iyakarsu.

Lasisin gama-gari mai lamba GL43 shi ya faɗi adadi. A cikin killataccen wuri kada a wuce fezan 700 a kowace hekta ta kejin, a tazarar nan ta mita 500 kuwa 1,000. Wanda zai saki 50 ko fiye dole ya sanar da Natural England, hukumar kula da muhallin halittu ta Ingila. Daga 2023, saboda murar tsuntsaye, an ƙara tsaurara sharuɗɗa a wuraren da aka ware don tsuntsayen daji.

Dalilin ƙayyade adadin a ƙasa ake ganinsa. In tsuntsu ya yi yawa a keji, ya tattake ciyawa har ƙasa ta fito fili, kashinsa ya canza ƙasar kurmin, furannin wurin su mutu, ya kuma cinye ƙwari da ƙananan ƙadangaru. Shi ya sa masu kiwon da suka san aikinsu ke neman bakin kurmi mai sarƙaƙiya, inda akwai rana da reshen kwana, su shuka masara a gefe ta zama mafaka.

Sai dai fa mafi yawan filayen harbi suna wajen wannan iyaka, kuma a can waɗannan adadi shawara ce kawai, ba tilas ba. A ganina nan ne dokar ta gaza.