Kuɗin izinin muhalli da hanzarta bayar da shi a jihohin Amurka

Izinin muhalli takarda ce ta doka da hukuma ke bai wa masana'anta, ko tashar wutar lantarki, ko matatar mai, ko ma'aikatar tace ruwan dagwalon gari, wadda ke fayyace irin dattin da aka yarda a saki cikin iska ko cikin ruwa, da iyakar yawansa, da yadda za a riƙa auna shi ana kai rahoto. A Amurka Majalisar Dokoki ta tarayya ce ta kafa manyan dokokin, kuma Hukumar Kare Muhalli ta tarayya, wato EPA, wadda aka kafa a watan Disamba na 1970, ita ke sa ido. Amma aikin yau da kullum, tun daga karɓar takardun nema har zuwa sa hannu, galibi yana wuyan hukumomin jihohi. Abubuwa biyu ne ake yawan jayayya a kansu tsakanin waɗannan hukumomi da masu masana'antu da 'yan majalisun jihohi: nawa za a biya, da kuma kwana nawa za a jira. Wuya a raba tambayoyin biyu, domin kuɗin da mai nema ya biya shi ne albashin injiniyan da zai duba takardunsa.

Tushen doka

Dokoki biyu ne ginshiƙin lamarin. Ta farko ita ce Dokar Tsabtar Iska ta 1970, wadda aka yi wa babban gyara a 1990, aka ƙara mata sashen da aka fi sani da Babi na Biyar. Wannan babi ya wajabta wa kowace babbar masana'anta ta mallaki izinin aiki guda ɗaya da ya tattaro duk sharuɗɗan hayaƙi da ke kanta, kuma wa'adinsa ba ya wuce shekara 5. A mafi yawan wurare, babbar masana'anta ita ce wadda za ta iya fitar da tan 100 na wani nau'in gurɓataccen hayaƙi a shekara. Idan kuwa sinadarin na cikin jerin masu guba ne, tan 10 na nau'i ɗaya ko tan 25 na haɗakarsu ya isa a saka ta a wannan rukuni.

Ta biyu ita ce Dokar Tsabtar Ruwa ta 1972, wadda ta haramta zuba gurɓataccen ruwa ta bututu ko magudana cikin koguna da tafkuna sai da izini, a ƙarƙashin tsarin da ake taƙaita sunansa da NPDES. Shi ma izinin ruwa shekara 5 yake yi. Jihohi 47 ne suka karɓi ragamar wannan tsari, yayin da a Masacusets da Niyu Hamsha da Niyu Meziko har yanzu EPA ce da kanta take bayarwa. Akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin dokokin biyu ta fuskar kuɗi. Dokar iska ta tilasta wa jiha ta karɓi kuɗin da zai ɗauki nauyin shirin baki ɗaya daga hannun masu masana'antu, ita kuwa dokar ruwa ba ta gindaya irin wannan sharaɗi ba, don haka kowace jiha take haɗa nata kasafin daga kuɗin izini da baitulmalin jiha da tallafin tarayya, wata da yalwa, wata da ƙyar.

Kuɗin kowane tan

Gyaran 1990 ya ɗauki dala 25 a kan kowane tan na hayaƙi a matsayin mafi ƙarancin kuɗin da ake kyautata zaton zai wadatar, aka kuma tanadi a riƙa ɗaga shi kowace shekara gwargwadon hauhawar farashi, har ta kai ga yanzu ya haura dala 60. Doka ba ta tilasta a ƙirga abin da ya wuce tan 4,000 na nau'i ɗaya daga masana'anta ɗaya a shekara ba, kuma jihohi da yawa sun tsaya a wannan iyaka. Ba a yarda a karkatar da kuɗin zuwa wani aiki dabam ba. Na rubuta izini ne, da duba rahotanni, da kai ziyarar bincike, da taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa su fahimci abin da doka ke nema daga gare su.

A takarda tsarin ya yi ma'ana, tunda wanda ya fi gurɓata iska shi ya fi biya. Matsalarsa ta fito ne daga nasarar da dokar ta samu. A ɗauki misalin tashar lantarki mai ƙona kwal da ke fitar da tan 6,000 na hayaƙin farar wuta a shekara. Da farashin farko na dala 25 da iyakar tan 4,000, dala 100,000 za ta biya a kan wannan sinadari. Idan ta kafa na'urar wanke hayaƙi, abin da take fitarwa ya sauka zuwa tan 600, kuɗin ya koma dala 15,000. Amma aikin hukuma bai ragu ba, ya ma ƙaru, domin yanzu sai an rubuta sharuɗɗan sabuwar na'urar, a duba gwajinta, a bi bayanan da take aikowa. Abin da ya faru ke nan a faɗin ƙasar: hayaƙin farar wuta daga tashoshin lantarki ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun daga 1990, tashoshin kwal da dama sun rufe ko sun koma ƙona iskar gas, asusun hukumomi kuma ya yi ta ramewa. A 2014 ofishin babban mai binciken EPA ya fitar da rahoton da ya nuna cewa kuɗin shigar manyan shirye-shiryen jihohi da ya duba ba ya kai abin da suke kashewa.

Jihohi sun nemi mafita ta hanyar ƙara kuɗin tan, ko ɗaga iyakar tan 4,000, ko sanya tsayayyen kuɗin shekara wanda bai dogara da yawan hayaƙi ba, ko cajin kowace takardar nema gwargwadon wahalar aikinta. Sai dai a jihohi da yawa hukuma ba ta da ikon ƙara ko sisi sai da yardar majalisa, kuma ƙarin kuɗi a kan masana'antu ba abin da ɗan majalisa ke gaggawar ɗaga wa hannu ba ne. A nan ne ciniki ke faɗawa: ƙungiyoyin masu masana'antu kan amince da ƙari idan an yi musu alkawarin wa'adi.

Inda lokaci ke tafiya

Agogon izini ba ya fara bugawa ranar da aka miƙa takardu, sai ranar da hukuma ta ce sun cika. Daga nan injiniya zai bi lissafin hayaƙin, a manyan ayyuka kuma a yi ƙiyasi da kwamfuta na yadda iska za ta watsa shi a kan unguwannin da ke kewaye, sannan a rubuta daftari. Daftarin izinin Babi na Biyar sai an baje shi ga jama'a na aƙalla kwana 30 su faɗi ra'ayinsu, EPA na da kwana 45 da za ta iya ƙin amincewa, idan kuma ba ta ƙi ba, kowane mutum na da kwana 60 ya kai mata koke. Doka ta ba hukuma wata 18 ta yanke hukunci a kan irin wannan izini, da shekara ɗaya a kan izinin gina sabuwar babbar masana'anta a yankin da iskarsa ke da tsabta.

Jinkiri iri biyu ne, kuma ba mutum ɗaya suke cuta ba. Wanda ke son gina sabuwar masana'anta ba zai fara gini ba sai izini ya fito, saboda haka kowane wata na jira asara ce a gare shi, shi ne kuma wanda aka fi jin kukansa. Wanda izininsa ya ƙare kuwa, muddin ya nemi sabuntawa a kan kari, wato kwana 180 kafin ƙarewar wa'adi a tsarin ruwa, tsohon izinin zai ci gaba da aiki har sai an fitar da sabo. Shi ba ya gaggawa. Masu cutuwa su ne mazauna bakin kogin, domin masana'antar na iya shafe shekaru tana aiki da sharuɗɗan da zamani ya wuce su.

Hanyoyin hanzartawa

Jihar Minisota, wadda ta kafa hukumarta ta yaƙi da gurɓatar muhalli tun 1967, ta zartar da doka a 2011 a zamanin Gwamna Mark Dayton, wadda ta sa kwana 150 a matsayin burin yanke hukunci a kan izini. A 2014 aka raba izini gida biyu, masu sauƙi kwana 90, masu buƙatar jin ra'ayin jama'a kwana 150. Buri ne ba tilas ba, ma'ana izini ba ya fitowa da kansa don wa'adi ya cika, amma dole hukuma ta riƙa ba majalisa rahoton yadda take cika shi.

Hanya ta biyu ita ce layin gaggawa na biya. Mai nema ya ƙara kuɗi, hukuma ta biya ma'aikatanta ladan aikin da suka yi bayan lokacin tashi, ko ta ɗauko 'yan kwangila. Luwiziyana na da irin wannan shiri, Teksas ma ta kafa nata na izinin iska da dokar 2013. Dokar Minisota kan irin wannan layi ta fayyace cewa a biya kuɗin kafin hukunci, kuma biyan ba zai shafi bayar da izini ko hana shi ko sharuɗɗan da ke ciki ba.

Fensilbaniya ta bi ta wata fuska. Tun 1995 Gwamna Tom Ridge ya fito da alkawarin mayar wa mai nema kuɗinsa idan hukuma ta saɓa wa'adi, Gwamna Josh Shapiro ya sake farfaɗo da wannan dabara a 2023 ya faɗaɗa ta zuwa sauran ma'aikatun jiha, a 2024 kuma aka kafa shirin SPEED, wanda ya ba mai nema damar biyan ƙwararre na waje da hukuma ta tantance ya yi dubawar farko, hukunci na ƙarshe ya rage a hannun hukuma.

Hanyar da ta fi rage cunkoso, ko da yake ba ta cika jan hankali ba, ita ce izinin bai-ɗaya. Maimakon a rubuta wa kowane ƙaramin aiki takardarsa, hukuma ta rubuta sharuɗɗa sau ɗaya ga duk ayyuka masu kama da juna, kamar filayen gini da suka kai eka ɗaya waɗanda ruwan sama ke wanke ƙasarsu zuwa rafi, mai aiki ya aika sanarwar shiga ta intanet.

Saɓanin ra'ayi

Masu goyon bayan layin gaggawa na cewa ba a taɓa ƙa'ida ko ɗaya ba, lokacin zaman takarda a kan tebur kawai aka rage. Masu suka na amsawa da cewa injiniyoyin da suka ƙware kaɗan ne, wanda ya kwana a kan takardun mai kuɗi ba shi da ƙarfin da zai ba na ƙaramin ɗan kasuwa washegari, kuma ƙwararren da mai nema ke biya yana iya jin nauyin wanda ya biya shi. Alkawarin mayar da kuɗi ma yana da nasa cikas, domin yana ɗebe kuɗi daga hukumar da rashin kuɗi ne ya sa ta makara tun farko, yana kuma iya sa ta riƙa mayar da takardu da hujjar ba su cika ba don kada agogo ya fara. Mafi yawan waɗannan shirye-shirye an gina su ne domin sababbin ayyuka, shi ya sa tsofaffin izinin da ke jiran sabuntawa suke komawa ƙarshen layi a duk lokacin da ma'aikata suka yi ƙaranci.