Raunin da ba a rubuta ba

A bakin ƙofar masana'antar da na yi shekaru ina aiki a ɗakin shan maganinta akwai wani babban allo kore. Kullum da safe maigadi yakan sauya lambar da ke jikinsa: yau kwana kaza ba a yi haɗari ba. Kamfanin na ƙasar waje ne, yana da rassa a nahiyoyi daban-daban, kuma an yi mana alkawarin in lambar ta cika shekara za a raba wa kowa buhun shinkafa da ɗan abin sawa a aljihu. Baƙi in sun zo daga hedikwata, a gaban allon nan suke ɗaukar hoto.

Wata rana da yamma, an tashi aiki ina haɗa kayana, sai ga wani saurayi daga sashen ɗaure kaya ya shigo, hannunsa na dama cikin aljihu. Da ya fito da shi, yatsu biyu ne naɗe da tsumman goge inji, an bi su da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta. Tun kafin in kwance, warin ya gaya mini ciwon ba na yau ba ne. Kwanansa huɗu.

Ya ce, “Malam, don Allah ka wanke mini kawai. Kada ka rubuta.”

Na ce, “Saboda me?”

Ya ce, “Saura kwana goma sha tara a raba shinkafa. In ni na ɓata lissafin, da wane ido zan kalli mutane?”

Ina wankewa ina tambayarsa, har labarin ya fito. Bel ɗin da ke jan kwali ne ya cafke shi yana ƙoƙarin zare abin da ya maƙale. Marfin da ya kamata ya rufe wurin an kwance shi tun wata biyu, don in yana nan sai an tsayar da inji kafin a sa hannu, tsayarwar kuma tana rage adadin kayan da ake fitarwa. Kafin shi, mutum uku bel ɗin ya fizgi hannun rigarsu, suka sha da ƙyar, aka yi dariya aka wuce. Ba wanda ya faɗa wa kowa. Allon kuwa yana nan yana ƙirga kwanaki abinsa.

Tun daga ranar na daina ganin girman allon nan. Kuma shi ya sa duk inda aka gayyace ni yi wa ma'aikata magana, nakan ba su labarin wani kamfanin Amurka mai suna Alcoa, ɗaya daga cikin manyan masu sarrafa ƙarfen goran ruwa (alminiyam) a duniya, wanda hedikwatarsa ke birnin Pittsburgh.

A shekarar 1987 aka naɗa wa kamfanin sabon shugaba, Paul O'Neill, wanda daga baya, a 2001, ya zama sakataren baitulmalin Amurka. Da ya tsaya gaban masu zuba jari a New York karon farko, kowa ya baza kunne ya ji batun riba da rage kashe kuɗi. Sai mutumin ya kama maganar lafiyar ma'aikata, yana cewa burinsa a wayi gari babu wanda ya ji rauni a Alcoa. Har ƙofofin fita na gaggawa da ke ɗakin taron ya nuna musu. Wasu suka fita suna ganin an ɗauko wanda bai san kasuwa ba.

Abin lura, Alcoa a lokacin ba ta cikin na baya. Aiki ne da narkakken ƙarfe da manyan injuna, amma duk da haka alƙalumanta sun fi na yawancin masana'antun Amurka kyau: cikin kowane ma'aikaci 100, kimanin 1.86 ne a shekara ke jin raunin da zai hana su zuwa aiki. Lokacin da O'Neill ya bar kamfanin a ƙarshen 2000, adadin ya sauko zuwa wajen 0.2, ribar kuma ta ninka kusan sau biyar.

Ba hular kwano ya ƙaro ba. Doka ɗaya ya kafa wadda ta girgiza kowa: duk inda ma'aikaci ya ji rauni, a kowace ƙasa reshen yake, dole shugaban sashen ya sanar da shi cikin awa 24, tare da bayanin abin da za a yi don kada a maimaita. Ku duba abin da wannan ke jawowa. Kafin shugaban sashe ya iya ba da labari cikin kwana ɗaya, sai manajan masana'anta ya kasance yana jin abin da ke faruwa a ƙasa, shi kuma manaja sai ya saurari mai kula da layi, mai kula da layi sai ya saurari lebura. Hanyar da magana ke bi daga ƙasa zuwa sama, wadda a yawancin kamfanoni a toshe take, dole ta buɗe. Ya ma ba ma'aikata lambar wayar gidansa, ya ce in an kai kuka ba a gyara ba, su kira shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ke tsaye gaban inji awa takwas ya fi kowane injiniya sanin inda yake cizo.

Bai daɗe da kama aiki ba aka tashe shi cikin dare: wani matashi sabon ɗauka ya rasu a masana'antarsu ta jihar Arizona. Inji ne ya cije, yaron ya tsallake shingen kariya don ya zare abin da ya maƙale, yana zarewa injin ya ci gaba da aiki ya buge shi. Abu mafi sauƙi shi ne a ce laifinsa ne, ai shi ya tsallake shinge. O'Neill ya tara manyan kamfanin aka bi abin daki-daki, ya kuma ɗora alhakin a wuyan shugabanni, har da shi kansa. An ga yaron ya tsallaka ba a hana shi ba. Horon da aka ba shi bai tabbatar masa cewa ba za a hukunta shi don inji ya tsaya ba. Injin kuma ba shi da na'urar da za ta kashe shi in mutum ya shiga. Duk lokacin da na tuna wannan, saurayin nan mai tsumma a yatsa nake gani. Ƙasa daban, inji daban, amma hannun da aka miƙa da dalilin miƙa shi iri ɗaya ne.

Sai batun Meziko, wanda a wurina ya fi duka nauyi. A 1996, wurin taron masu hannun jari, wata 'yar majami'a mai bibiyar halin ma'aikatan kan iyaka ta tada maganar wata masana'antar kamfanin da ke garin Ciudad Acuña. Da aka bincika sai aka gano iskar gas mai guba ta taɓa taruwa a wurin har ma'aikata sama da ɗari suka kwana da ciwo. An gyara hanyar fitar iska, matsalar ta kau, amma ba a kai rahoto hedikwata ba. Shugaban sashen yana cikin waɗanda kamfanin ke ji da su, ga shekaru ga ƙwazo. Aka sallame shi. Ba don gas ya taru ba, don an ɓoye. Sauran rassan da ke da irin wannan gini an hana su darasin da zai iya ceton nasu mutanen.

To ku gwada da allonmu. Can, wanda ya ɓoye shi ke rasa aiki. Nan, wanda ya faɗa shi ke jawo wa jama'a asarar shinkafa. Kyautar da aka rataya a kan “babu haɗari” ba haɗarin take ragewa ba, bakin mutane take rufewa. Da ni ake shawara, da wanda ya fi kowa kawo rahoton abin da ya kusa faruwa shi za a ba buhu.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha ji a ɗakin magani: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba na jayayya da ƙaddara. Amma wanda ya kwance marfin bel da hannunsa ya san abin da ya yi, kuma mu aka koya wa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Akwai kuma wani kuskure da ya zama ruwan dare, wato ɗaukar cewa kula da lafiya a wurin aiki shi ne raba hular kwano da safar hannu da takalmi mai ƙarfe a baki. Masana harkar a ƙarshen layi suke ajiye waɗannan. Abin da ake fara tambaya shi ne ko za a iya kawar da haɗarin ɗungurungum, ko a canja sinadari mai illa da wanda bai kai shi ba. In hakan bai yiwu ba, sai a shiga tsakanin mutum da haɗarin: marfi, shinge, na'urar tsotse ƙura, makunnin da ke kashe inji da an buɗe ƙofarsa. Bayan nan a gyara tsarin aiki da horo. Kayan sawa a jiki na rage abin da ya saura ne. Kamfanin da ya miƙa maka takunkumi ya bar ƙura tana tashi kamar hazo, mafi arha ya zaɓa. Safar hannu ma kusa da abin da ke juyawa, ita kanta tarko ce, don in ya kama ta da hannun zai tafi.

Ga masu gyara da masu share inji, abu ɗaya nake roƙo, shi ne kwaɗo. Kashe makunni bai isa ba. A kashe daga tushen wuta, ka sa kwaɗonka a kai, ka rataya katin da ke ɗauke da sunanka, makullin yana aljihunka. In ku uku ne, kwaɗo uku. A saki iska ko man da ya rage a cikin bututu, sannan a danna makunni a tabbatar injin bai motsa ba. Yawancin hannayen da na gani sun lalace, wani ne ya zo ya kunna da kyakkyawar niyya, bai san akwai mutum a ciki ba. An fi samun haka lokacin canjin aiki, masu dare suna fita masu safe suna shiga.

Jini shi ke ɗaukar hankali, amma ba shi ya fi kisa ba. Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna mutum kusan miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin aiki. Daga ciki kimanin 330,000 ne na haɗari, sauran miliyan 2.6 cututtuka ne, irin su na zuciya, kansa da na huhu, masu shiga a hankali. Ƙarar injuna ma haka take. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nesan hannu da kai ya ji ka, akwai alamar ƙarar wurin ta kai mizanin desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), inda ya kamata a fara kare kunne. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Na sha ganin magidanci ɗan shekara arba'in da iyalinsa ke ƙorafin ya cika ƙure rediyo, shi kuma yana cewa su ne suke magana ƙasa-ƙasa. Duk mai aiki cikin ƙara ko ƙura ya nemi a auna masa ji da numfashi tun ranar ɗauka, a kuma riƙa maimaitawa, ya karɓi kwafin sakamakon ya adana a gida.

Manyan kamfanoni da yawa yanzu suna alfahari da takardar shaidar ISO 45001, ma'aunin kula da lafiyar ma'aikata da aka fitar a 2018. Abu ne mai kyau, kuma cikin sharuɗɗansa akwai tuntuɓar ma'aikatan da ba shugabanni ba, da kawar da duk abin da zai hana su magana, har da tsoron ramuwa. Don haka in takardar tana rataye a ofis, kuna da hurumin tambaya a kanta. Ni dai na ga wuraren da ake fenti da goge-goge mako ɗaya kafin masu duba su iso, a mayar da marafan injuna, su tafi a sake kwancewa. Kuma a lura da 'yan kwantiragi da leburorin wucin gadi. Su ake turawa wanke tanki da hawa rufi, su ne ba a cika yi wa horo ba, kuma rauninsu sau da yawa ba ya shiga lissafin kamfani.

Ga masu aiki a Najeriya, doka tana bayanku fiye da yadda kuke zato. Ƙasar ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce ma'aikacin da ya janye daga aiki saboda yana da dalilin ganin babban haɗari na gab da afkuwa, a kare shi daga hukunci. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, daga aljihunsa, ba daga albashinka ba. Amma tana son ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14 da jin rauni, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7. Raunin da ba a rubuta ba, ranar da yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, da wuya ka samu abin kafa hujja.

Wannan na zauna na yi wa saurayin bayani, sannan na ɗauko littafin na rubuta a gabansa: rana, lokaci, sunan injin, da marfin da babu. Washegari maigadi ya mayar da allon sifiri. Kwana biyu wasu ba sa amsa gaisuwata, ɗaya har ya aiko a tambaye ni ko ni zan saya musu shinkafar. An mayar da marfin kafin azahar, aka kuma gano wasu layuka biyu da aka kwance wa nasu. Yatsa ɗaya ya warke sarai. Ɗayan, na tsakiya, har na bar wurin bai iya dunƙule shi ba.