Kunnen kiɗa gado ne kawai?

A Damagaram an saba cewa kunnen kiɗa gado ne, sai ɗan makaɗa ke gane amon da ya kauce. Ba mamaki, tunda sana'ar gida take bi.

Amma awon lantarkin ƙwaƙwalwa ya nuna cewa in aka kaɗa sautuka uku tare a gurbin da bai dace ba cikin kiɗa, ƙwaƙwalwa na amsawa kafin rabin daƙiƙa, har ta wanda bai koyi kiɗa ba, muddin ya saba jin irinsa. Horo ke ƙara wa amsar ƙarfi. Gado na da rabonsa, sai dai ɗan makaɗi tun yana goye yake sauraro.

Ku gwada: a ɗan sassauta tsirkiya ɗaya ta jita, a kaɗa uku tare, a tambayi sabon mai koyo ko ya ji amon da ya kauce, a sake bayan wata shida. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa.